Kotu da Amincewar Jama'a: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Mai Shari'a Jutta Limbach ta Jamus (1934–2016)

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwa da ayyukan Jutta Limbach, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Tsarin Mulki ta Tarayyar Jamus, daga 1994 zuwa 2002. Manufar nazarin ita ce gano inda kotu take samun ikon da ake yi wa biyayya, alhali ba ta da soja, ba ta kuma da baitulmali. An bi matakan rayuwarta daki-daki: gidan da ta tashi, koyarwarta a jami'a, riƙon ma'aikatar shari'a ta jihar Berlin a lokacin haɗewar Jamus, zamanta a kotu, da hidimar da ta yi wa harshen Jamusanci bayan ta sauka. An dogara da hukunce-hukuncen kotun da aka wallafa da kuma abin da ya tabbata na tarihinta. Nazarin ya gano cewa jarin kotu shi ne amincewar jama'a, kuma abubuwa uku ne ke raya wannan amincewa: nisantar alƙali daga shari'ar da ake iya zarginsa da son rai a cikinta, bayyana saɓani a fili, da isar da hujja cikin harshen da mutane ke ganewa. An kuma nuna iyakar wannan hanya.

Fitilun kalmomi: Jutta Limbach, Kotun Tsarin Mulki, Jamus, amincewar jama'a, harshen shari'a

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali. Maganar tana koya wa wanda aka kayar haƙuri da hukuncin da bai gamsu da shi ba, tana kuma nuna cewa akwai rata tsakanin yadda alƙali yake auna al'amari da yadda gama-garin mutane suke auna shi. Wannan rata takan zama babbar matsala a ƙasar da aka bai wa kotu ikon soke dokar da majalisa ta yi. Tarayyar Jamus tana daga cikin irin waɗannan ƙasashe. Bayan faɗuwar mulkin 'yan Nazi a 1945, waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma, wanda ake kira Dokar Tushe, aka kuma zartar da shi ranar 23 ga Mayu 1949, sun ga yadda aka yi amfani da majalisa da doka wajen rusa dimokuraɗiyya. Saboda haka suka tanadi kotun da za ta iya taka wa gwamnati da majalisa birki. Kotun ta fara aiki a 1951 a garin Karlsruhe.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: me zai sa gwamnatin da miliyoyin mutane suka zaɓa ta bi umarnin wasu alƙalai goma sha shida? An zaɓi rayuwar Jutta Limbach domin amsa wannan tambaya saboda ta ga doka ta fuskoki uku: ta koyar da ita, ta zartar da ita a matsayin 'yar siyasa, sannan ta fassara ta a matsayin alƙaliya. Haka kuma shugabancinta ya zo daidai da lokacin da kotun ta sha suka mafi zafi a tarihinta. Ga masu nazarin harshe akwai ƙarin dalili, domin za a ga cewa wani ɓangare na wannan rikici ya taso ne daga yadda aka tsara jimla guda.

2.0 Asali da Karatu

An haifi Jutta Limbach ranar 27 ga Maris 1934 a unguwar Neukölln ta birnin Berlin, shekara guda bayan Hitler ya hau mulki. Sunan gidansu Ryneck, kuma gida ne da ya daɗe cikin jam'iyyar SPD ta masu ra'ayin kare ma'aikata. Kakar mahaifinta, Pauline Staegemann, wadda ta taɓa yin aikatau a gidajen masu hali, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata ma'aikata ta Berlin a 1873, a zamanin da dokar Prussia ta haramta wa mata shiga ƙungiyoyin siyasa, haramcin da bai kau ba sai a 1908. Kakarta ta wajen uba, Elfriede Ryneck, tana cikin rukunin matan farko da aka zaɓa zuwa majalisar da ta rubuta tsarin mulkin Weimar a 1919. Mahaifinta, Erich Ryneck, ya shugabanci gundumar Pankow a gabashin Berlin bayan yaƙi har zuwa 1948, sannan ya koma yammacin birnin da iyalinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Limbach ta shiga SPD a 1962, kuma a shekarar da ta rasu aka wallafa littafin da ta rubuta a kan kakar mahaifin nata.

Ta karanta shari'a a Berlin da Freiburg. Ta ci jarrabawar gwamnati ta farko a 1958, ta biyu kuma a 1962, waɗanda su ne sharaɗin zama alƙali ko lauya a Jamus. Ta sami digirin dakta a 1966 a jami'ar Freie Universität ta Berlin, inda ta kwatanta abin da doka ta faɗa game da kamfanoni masu iyakantaccen alhaki da yadda 'yan kasuwa suke tafiyar da su a zahiri. Babban kundin da ya ba ta cancantar zama farfesa a 1971 ya duba yadda sanin da alƙali yake da shi game da zamantakewa yake shiga cikin hukuncinsa. A 1972 ta zama farfesar dokar hulɗar jama'a a wannan jami'a, mace ta farko da ta kai matsayin a tsangayar shari'a ta can. Ta yi hakan tana renon 'ya'ya uku, mijinta kuma yana aiki a Bonn. Abin lura shi ne, tun daga waɗannan rubuce-rubuce hankalinta yana kan tazarar da ke tsakanin dokar da ke cikin littafi da wadda mutane suke rayuwa da ita.

3.0 Riƙon Ma'aikatar Shari'a ta Berlin (1989–1994)

A watan Maris 1989 Walter Momper ya kafa gwamnatin Berlin ta Yamma, wadda mata suka fi yawa a majalisar zartaswarta, ya kuma damƙa wa Limbach ma'aikatar shari'a. Watanni takwas bayan haka, ranar 9 ga Nuwamba, aka buɗe katangar Berlin, kuma ranar 3 ga Oktoba 1990 Jamus ta haɗe. Ta ci gaba da riƙe muƙamin a gwamnatin haɗin gwiwa ta Eberhard Diepgen daga 1991. Nauyi biyu suka hau kanta. Na farko shi ne shimfiɗa kotunan yammacin birnin zuwa gabashinsa, da tantance alƙalai da masu gabatar da ƙara da suka yi wa gwamnatin kwaminisanci aiki. Na biyu shi ne bin kadin laifukan mahukuntan Jamus ta Gabas, domin fadar mulkinsu tana cikin Berlin, shari'arsu kuwa ta faɗo hannun masu gabatar da ƙara na jihar.

Aƙalla mutum 140 ne suka mutu a katangar tsakanin 1961 da 1989. Shari'ar farko ta masu gadin iyaka ta fara a watan Satumba 1991, a kan kisan Chris Gueffroy, matashi ɗan shekara 20 da aka harbe a watan Fabrairu 1989. Limbach ta tsaya a kan cewa bai kamata a hukunta ƙananan sojoji a bar waɗanda suka ba da umarni ba. An fitar da sammacin kama tsohon shugaban ƙasar, Erich Honecker, a ƙarshen Nuwamba 1990. An tsere da shi zuwa Mosko a watan Maris 1991, ya fake a ofishin jakadancin Chile, aka dawo da shi a watan Yuli 1992, shari'arsa ta fara a Nuwamba. Sai dai ranar 12 ga Janairu 1993 kotun tsarin mulki ta jihar Berlin ta yanke cewa ci gaba da tsare mutumin da ciwon dajin hanta ya kusa kai shi kabari ya saɓa wa mutuncin ɗan'adam. Aka sake shi, ya tafi Chile, ya mutu a can a watan Mayu 1994.

Wannan lamari ya jawo suka daga ɓangarori biyu. Magoya bayan tsohuwar gwamnati sun kira shari'o'in ramuwar wanda ya ci yaƙi, waɗanda aka zalunta kuma suka ga doka ta ba azzalumi kariyar da shi bai ba kowa ba. Da wannan darasi Limbach ta isa Karlsruhe: bin ƙa'idar shari'a yakan haifar da sakamakon da ba ya sanyaya zuciyar kowa, don haka dole a yi wa mutane bayanin dalilin ƙa'idar.

4.0 Kotun Tsarin Mulki da Tsarinta

Kotun ta kasu zaure biyu, kowanne da alƙalai takwas. Majalisar dokokin tarayya ta Bundestag tana zaɓen rabinsu, majalisar wakilan jihohi ta Bundesrat tana zaɓen rabi, kuma a kowacce sai an sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Wannan sharaɗi yana tilasta wa manyan jam'iyyu yin sulhu, ya kuma hana ɗaya cika kotun da 'yan koranta. Wa'adin alƙali shekara 12 ne ba sabuntawa, kuma yana sauka idan ya cika shekara 68. Kowane mutum yana iya kai ƙorafi cewa hukuma ta tauye masa haƙƙin da Dokar Tushe ta ba shi. Dubban irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna zuwa kowace shekara, ko da yake waɗanda suke yin nasara ba su wuce biyu zuwa uku cikin ɗari ba.

Limbach ta shiga kotun a watan Maris 1994 a matsayin mataimakiyar shugaba kuma jagorar Zaure na Biyu, wanda ya fi duba rigingimun da ke tsakanin sassan gwamnati. A watan Satumba ta gaji Roman Herzog, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa. Ya kamata a lura cewa ƙuri'ar shugabar kotu ɗaya ce kamar ta kowane alƙali, kuma ba ta zama a ɗaya zauren. Amma ita ce fuskar kotun, ita ake tuhuma da kowane hukunci.

4.1 Tura Sojoji Ƙetare

Babban hukuncin farko da ta karanta shi ne na ranar 12 ga Yuli 1994. Gwamnatin Helmut Kohl ta tura sojoji sa ido a tekun Adriatic da sararin samaniyar Bosniya, da kuma aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Somaliya. 'Yan majalisar SPD suka kai ƙara, haka ma na FDP, duk da cewa jam'iyyarsu tana cikin gwamnati. Ga ƙasar da sojojinta suka yi wa Turai ɓarna a yaƙe-yaƙe biyu, maganar ba ƙarama ba ce. Zauren ya yanke cewa Dokar Tushe ta halatta tura sojoji a ƙarƙashin ƙawancen tsaro irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da NATO, amma da sharaɗin Bundestag ta amince da kowane aiki tun kafin a tafi, sai fa in akwai gaggawa, inda za a nemi amincewar nan take bayan an tura su. Babu ɓangaren da ya samu duk abin da ya nema. Kotun ta mayar da shawarar yaƙi hannun wakilan jama'a, kuma har yau a kan wannan ƙa'ida ake tafiya.

4.2 Shari'ar Kisan Kan Iyaka

Tsofaffin manyan jami'an Jamus ta Gabas, ciki har da ministan tsaro Heinz Kessler da mataimakinsa Fritz Streletz, sun kai ƙorafi Karlsruhe bayan an same su da laifi. Hujjarsu ita ce sashe na 103 na Dokar Tushe, wanda ya hana hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. A nan tarihin Limbach ya zama matsala, domin ta riga ta bayyana matsayinta a fili tun tana riƙe da ma'aikatar shari'a. Ita da kanta ta gabatar wa zauren wannan dalili, aka kuma amince ta janye.

Ranar 24 ga Oktoba 1996 zauren ya kori ƙorafin. Ya bayyana cewa kariyar da sashen ya bayar ta ginu ne a kan yardar da ɗan ƙasa yake yi wa dokokin da majalisa mai mutunta haƙƙoƙi ta yi. Inda gwamnati ta fifita hana mutane ƙetare iyaka a kan rayukansu, wannan yarda ba ta da tushe. Tunanin ya yi kusa da na masanin falsafar doka Gustav Radbruch, wanda a 1946 ya nuna cewa ana bin doka ko da tana da aibi, sai idan zaluncinta ya kai matsayin da ba za a iya jurewa ba. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta tabbatar da hukunce-hukuncen a watan Maris 2001. Da Limbach ta zauna a shari'ar, da masu kiran ta ramuwa sun sami abin kamawa.

4.3 Mafakar Siyasa da Ra'ayin Saɓani

A 1992 mutum kusan 438,000 suka nemi mafakar siyasa a Jamus. A 1993 aka yi wa Dokar Tushe kwaskwarima, da goyon bayan shugabannin SPD, aka taƙaita wannan haƙƙi. Daga cikin sababbin tanade-tanaden akwai tsarin filin jirgin sama, inda ake tsare wasu masu neman mafaka kafin su shiga ƙasa. Hukuma tana da kwana biyu ta yanke shawara, wanda aka ƙi kuma yana da kwana uku ya garzaya kotu. Ranar 14 ga Mayu 1996 Zaure na Biyu ya amince da gyaran, tare da sharaɗin a ba mai neman mafaka damar samun shawarar lauya.

Limbach ba ta bi rinjaye ba a wani muhimmin ɓangare na hukuncin filin jirgin. Ta rubuta ra'ayin saɓani, alƙalai Ernst-Wolfgang Böckenförde da Bertold Sommer suka mara mata baya. Damuwarsu ita ce masu rinjaye sun rage ikon kotun na dakatar da korar mutum kafin a saurari ƙorafinsa. Wanda aka mayar hannun masu azabtar da shi, nasarar da zai yi a kotu daga baya ba ta da amfani gare shi. Doka ta ba alƙalan kotun damar wallafa saɓaninsu tun daga 1970, amma ba kasafai ake ganin shugabar kotu cikin marasa rinjaye ba, balle a kan gyaran da jam'iyyar da ta fito daga cikinta ta sa wa hannu. Wannan ya nuna wa jama'a cewa wanda siyasa ta kai shi kotu yana iya yanke igiyar da ta kawo shi.

5.0 Rikicin 1995 da Harshen Hukunci

A watan Agusta 1995 aka fitar da hukuncin Zaure na Farko, da rinjayen alƙalai biyar a kan uku, cewa ƙa'idar jihar Bavariya da ta wajabta rataya gicciye a kowane aji na makarantun gwamnati na matakin farko ta saɓa wa 'yancin addini da sashe na 4 ya tanada. Bavariya jiha ce da ɗariƙar Katolika take da ƙarfi. Dubban mutane suka yi gangami a Munich a watan Satumba, tare da firimiyan jihar Edmund Stoiber da manyan limaman coci. Kohl ma ya soki hukuncin, wasu 'yan siyasa kuma suka yi kiran a ƙi bin sa. Kafin ƙura ta lafa, wannan zaure ya sake yanke cewa maimaita wata tsohuwar magana ta marubuci Kurt Tucholsky, mai siffanta sojoji da makasa, yana iya shiga ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki, muddin ba wani soja ko rundunar ƙasar aka nufa kai tsaye ba.

Abin da ya shafi masu nazarin harshe shi ne yadda aka rubuta taƙaitaccen bayanin da ke saman hukuncin gicciye. Jimlar farko ta nuna kamar rataya gicciye a aji shi kansa ne ya saɓa wa tsarin mulki, alhali abin da shari'ar ta duba shi ne gwamnati ta wajabta ratayawar. Sai da shugaban zauren, Johann Friedrich Henschel, ya fito daga baya ya fayyace cewa umarnin gwamnati ake nufi. Amma magana zarar bunu ce. Mafi yawan mutane ba su karanta shafukan hujjoji ba, jimlar farkon ce ta isa gare su ta bakin jaridu. Daga ƙarshe Bavariya ta yi sabuwar doka da ta bar gicciye a azuzuwa, tare da ba iyaye hanyar ƙorafi.

Limbach ba ta cikin zauren da ya yanke waɗannan hukunce-hukunce, amma ita ta tsaya kare kotun. Matsayinta shi ne sukar hukunci halal ce a dimokuraɗiyya, kiran a bijire masa kuwa sara ne a gindin mulkin doka. Ba ta tsaya a kan kariya kaɗai ba. A 1996 ta buɗe wa kotun ofishin hulɗa da 'yan jarida, abin da ba ta da shi cikin shekaru 45 da kafuwarta, domin a riƙa fitar da bayanin hukunci cikin sauƙaƙan kalmomi. A 1998 kuma aka gyara dokar kotun aka ba rediyo da talabijin damar ɗaukar karatun hukunci. Tsohuwar al'adar alƙalai ita ce hukunci ya wadatar, ba a ƙara masa bayani. Limbach ta ga cewa hujjar da lauyoyi kaɗai suke fahimta ba za ta riƙe wa kotu mutuncinta a idon talakawa ba.

A zamaninta ne kuma harshen kansa ya zo gaban kotu. Wasu iyaye sun ƙalubalanci sababbin ƙa'idojin rubutun Jamusanci da ƙasashen da ke magana da harshen suka amince da su a 1996. Ranar 14 ga Yuli 1998 Zaure na Farko ya yanke cewa ministocin ilimi na jihohi suna iya tsara ƙa'idar rubutu ga makarantu ba sai majalisa ta yi doka ba, kuma a wajen makaranta kowa yana da 'yancin ci gaba da rubutu yadda ya saba.

6.0 Bayan Sauka daga Kujerar Shari'a

Ta sauka a watan Afrilu 2002 bayan ta cika shekara 68, Hans-Jürgen Papier ya gaje ta. Daga 2002 zuwa 2008 ta shugabanci cibiyar Goethe, wadda ke yaɗa harshe da al'adun Jamus a duniya. A 2004 ta jagoranci wata gasa ta zaɓen kalmar da ta fi kyau a Jamusanci, inda aka sami shawarwari sama da 22,000 daga ƙasashe fiye da 100. Kalmar da ta yi nasara ita ce Habseligkeiten, wato 'yan komatsan da mai ƙaramin ƙarfi ya mallaka yake kuma ƙaunarsu. Alƙalan gasar ba su bi yawan waɗanda suka kawo kalma ba, sun auna ingancin dalilin da aka bayar ne, wato ma'aunin da ta saba da shi a kotu. Tana cikin kwamitin masana da marubuci Amin Maalouf ya jagoranta, wanda a 2008 ya shawarci Tarayyar Turai da ta ƙarfafa wa kowane ɗan ƙasa gwiwa ya rungumi wani harshe na biyu don kansa, ban da harshen hulɗar duniya. A wannan shekara ta wallafa littafi a kan makomar Jamusanci, inda ta kare amfani da harsuna da yawa, ta kuma yi gargaɗi a kan barin Ingilishi ya mamaye fagen ilimi shi kaɗai.

Daga 2003 har rasuwarta ta shugabanci hukumar ba da shawara a kan mayar da kayan fasaha da 'yan Nazi suka ƙwace, galibi daga hannun Yahudawa, wadda ta shahara da sunanta. A nan ne iyakar hanyarta ta fito fili. A zamaninta hukumar ba ta da ikon tilastawa, kuma ba ta sauraron magana sai ɓangarorin biyu sun yarda su zo. A lokacin, gidan tarihin da ba ya son rabuwa da zane yana iya ƙin zuwa kawai. Saboda haka shari'o'in da ta duba ba su da yawa, kuma magadan waɗanda aka ƙwace wa kaya sun yi ta kuka da tsarin. Shawarar da ta bayar a 2014, cewa kada a mayar da tarin kayan coci na zinariya da azurfa da ake kira dukiyar Guelph, ta jawo suka har maganar ta kai kotunan Amurka. Limbach ta rasu a Berlin ranar 10 ga Satumba 2016, tana da shekara 82.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya gano abubuwa huɗu. Na farko, fitowar alƙali daga siyasa ba ita ce ke ɓata shari'a ba. Abin dubawa shi ne ko tsari ya 'yanta shi daga masu zaɓensa, kamar yadda wa'adi guda da rinjayen kashi biyu cikin uku suke yi, da kuma ko shi kansa ya san lokacin da ya kamata ya janye. Na biyu, bayyana saɓani bai rage wa kotun daraja ba, ya ma nuna cewa muhawara ake yi a cikinta. Na uku, harshen hukunci ɓangare ne na hukuncin. Rashin ambaton umarnin gwamnati a jimla guda ya ƙara wa wutar 1995 mai, kuma maganin da aka samo na sadarwa ne. Na huɗu, iya bayani ba ya wadatarwa shi kaɗai. A Karlsruhe hujja tana tafiya da dokar da ta wajabta wa kowace hukuma bin hukunci, a hukumar kayan fasaha kuwa a zamaninta babu wannan wajibci, sakamakon kuma ya bambanta.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar Jutta Limbach daga gidan 'yan gwagwarmayar ma'aikata zuwa shugabancin kotun da ta fi kowace ƙarfi a Jamus. An nuna cewa tambayar da ta fara bincike da ita a jami'a, wato yadda doka take haɗuwa da rayuwar mutane, ita ce ta bi ta har ƙarshen aikinta. Kotun da ba ta da bindiga tana buƙatar doka ta tsaya mata, tana kuma buƙatar jama'a su gane dalilinta ko da ba su yarda da sakamakon ba. Wannan ya buɗe fage ga masu nazarin harshe da fassara su dubi taƙaitattun bayanan hukunci a matsayin nau'in rubutu mai zaman kansa: wa yake tsara su, wace kalma ake bari, wace ake zubarwa, kuma me yake isa kunnen wanda hukuncin ya shafa.